Ranar da Na Ce Kemis Nan Kusa Ne

Shekarun baya, ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, wata ɗaliba ta zo ƙauyenmu daga jami'a, riƙe da taswira. Bincike take yi a kan nisan da ke tsakanin mutanen karkara da kemis, da kuma yadda muke yi da robobi da kwalabe idan an gama amfani da su. Mai unguwa ya turo ta gidanmu, wai ni ce mai karatu. Har sabon mayafi na yafa.

Ta fara da kwalabe. Mahaifiyata, wadda ke fama da hawan jini, tana zaune a tabarma, ta sa na jawo buhunta. Kwalaben maganinta ne duka, ta wanke su tas: wannan irin albasa, wannan man kaɗe, wannan allura da zare.

"Mu ba ma yarwa, 'yar nan," in ji Inna. "Wanda ya fashe ne kawai ke zuwa wurin 'yan gwangwan."

Ɗalibar ta ji daɗi, ta rubuta. Sai ta juyo gare ni. "Mama, kemis fa, da nisa?"

Na ce, "A'a, nan kusa ne."

Haka muka taso. Ba a yi wa baƙo ƙorafi, kuma a wurinmu ko Kano aka tambaya, nan kusa ce. Ta duba taswira, ta ga kemis ɗin a tsallaken kanal, babbar hanyar ruwan noman ranin nan, tazarar ɗan yatsa, ta rubuta abin da na faɗa.

Alhali kwana uku ke nan maganin Inna ya ƙare. Ana tsinkar tumatir, ban samu rabin yinin da zan je ba.

Inna ba ta musa mini ba. Ta miƙa wa ɗalibar kwalba ɗaya. "Tunda kusa ne, ku je ku sayo mini irin wannan. Ina jiran ku kafin ruwan shayina ya tafasa."

Muka fita. Daga bakin kanal ga kemis can muna hango shi, har mai shagon ya ɗago mana hannu. Amma ruwa ya cika, kuma gada tana can sama. Muka bi gefen gonakin shinkafa muna tafiya, muna tafiya. Takalminta ya tsinke, na ara mata silifas ɗina. Da muka haye, sai da muka sake gangarowa kamar yadda muka hau.

"Mama, wannan ne kusan?"

Na ce, "To, ai mun iso."

Bayan la'asar muka dawo. Inna ta sha maganinta, ta dube ni. "Shayin ya huce, malama mai karatu."

A gabanmu ɗalibar ta soke abin da ta rubuta, ta zana hanyar da jan biro, ta bar wa mai unguwa kwafi. Da shi ƙungiyar manoma ta yi ta zirga-zirga har aka yi mana 'yar gadar ƙafa daidai inda muka tsaya.

Da an bi maganata, da ƙauyenmu ya shiga takarda a cikin waɗanda ba su da matsala. Yanzu ko likita ya tambaye ni jiki, nakan yi godiya ga Allah, sannan in faɗi inda ke ciwo.

Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Sau biyu ta taka gadar da ƙafarta. Kwalbar nan tana wurina, irin albasa nake zubawa.