Baƙin da Na Kai wa Inna a Minguettes

Da asubar Asabar muka bar Paris, ina idar da salla na ja jakata zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Masu tambayar inda na ɓace ƙarshen makon jiya, ga labarin.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai fitar da kaya daga duwan, wato kwastan, kuma har yanzu ina cikin watannin gwaji. Wata abokiyar aikina ce ta shigar da ni wata ƙungiya ta matasan ma'aikata ƴan Birtaniya da ƴan Caina mazauna Paris. Sukan haɗu su ci abinci, su koya wa juna yare, wani lokaci ciniki ya fito daga ciki. Da suka shirya zuwa Lyon ganin masaƙun siliki, sai aka ce ni zan yi jagora da tafinta, tunda can na girma. Mu biyar muka tafi, amma biyu ne suka hana ni barci: wani ɗan Ingila mai ɗinka ƙyallayen wuya na mata, da wata ƴar Caina da gidansu ke da masaƙar siliki. An daɗe ana ƙoƙarin haɗa su a ciniki. Ranar Juma'a shugabana ya leƙo buro, wato ofishinmu, ya ce, "In suka daidaita, ki tabbata kayansu ta hannunmu za su bi." Da murmushi ya faɗa, amma na san abin da yake nufi.

A tashar na sayi kofi da ɗan burodi a farashin da Inna, mahaifiyata, za ta ciyar da gida yini guda. Jirgin kuwa ba wasa. Kafin ka gama kallon garken shanu farare a wata gona, har an wuce ƙauye biyu. Na zaunar da mutanen nan biyu kusa da juna da gangan. Shi yana ta zuba surutu, ita tana gyaɗa kai kawai, ni kuma daga kujerar baya ina leƙen fuskokinsu kamar mai gadin tukunyar madara.

Da hantsi muka hau tudun Croix-Rousse, unguwar masaƙa ta da. Duk shekarun da na yi a Lyon ban taɓa shiga lungunan nan da ke ratsa cikin gidaje ba. Ka tura ƙofa kamar ta gidan mutane, sai ka ɓulla wani titi daban. Na yi ta nuna hanya da ƙarfin hali, ina satar duban taswira a waya ɓoye a tafin hannuna. A masaƙar da muka je, wani dattijo ya taka tsohon injin katako, ƙararsa ta cika ɗakin, fure yana fitowa a jikin yadi zare bayan zare.

Nan ne abin ya lalace. Ƴar Cainan ta ciro ƙyallen silikinsu daga jaka don ta nuna wa dattijon. Ɗan Ingilan ya karɓe, ya ɗaga shi ga haske kusa da na Lyon, ya yi dariya ya ce, "Wannan zai kai wanki biyu kuwa?" A gaban kowa. Shi wasa yake yi, irin nasu. Ita kuwa ta karɓi abinta, ta ninke shi a hankali, ta mayar jaka. Dattijon ya tambaye ni me aka ce, na ce ana yabon launin ne.

Abincin rana ya zama azaba. Wanda ya san Lyon ya san alade ne sarkin tukunyarsu, don haka na tsaya ga ganye da cuku. Ita ta koma can ƙarshen tebur. Duk abin da ya faɗa sai na sassauta shi kafin ya isa gare ta, duk da Ingilishi take ji sarai. Sai amsawa take da "za mu duba". Mu ma muna da irin wannan amsar a gida, na san ba a dawowa daga gare ta.

Muna komawa tashar Part-Dieu sai ga jan rubutu a allo: an soke jirginmu, sai na yamma. Ruwa ya kece, tashar ta cika maƙil, ko wurin tsayuwa babu. Ƴar Cainan ta fara neman motar haya ita kaɗai. Na san in ta tafi, magana ta mutu. Ban san lokacin da na kira Inna ba.

"Inna, ina wuni? Ina Lyon da baƙi, jirgi ya bar mu."

"Kina Lyon ba ki faɗa mini ba? Su nawa ne? Kawo su, na ɗora shinkafa."

Muka hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Vénissieux, sannan tiram, jirgin kan titi, zuwa Minguettes, inda gidanmu yake. Ban taɓa gaya wa ƴan ƙungiyar nan kartiyen, wato unguwar, da na fito ba. Da dogayen benayen suka bayyana, na zuba wa baƙina ido ina jiran in ga an riƙe jaka da kyau don tsoron ɓarayi. Ɗan Ingilan ya ce ya tuna masa da unguwar kakarsa. Asansar ɗinmu kuma, na'urar hawa bene, kamar kullum, ta lalace, muka hau da ƙafa muna haki.

Inna ta tare su da gaisuwar Damagaram cikakkiya, ina gajiya, ina gida, ina iyaye, ni kuma ina ta fassarawa har na gaji. Aka baje shinkafa da miyar kaza da yaji. Ɗan Ingilan ya ɗebi yajin kamar gishiri, nan da nan hawaye suka wanke masa fuska. Ƴar Cainan ta tura masa ruwa ba tare da ta dube shi ba. Na ɗan samu numfashi.

Sai Inna ta tambayi sana'arsu. Da ta ji yadi ne, ta tashi ta jawo akwatinta, ta zube atamfofi a kan kujera. Ta ɗaga wata mai ruwan ƙasa ta ce, "Wannan ƴar Ingila ce, tun kafin a haife ki nake ɗaura ta." Ta ɗaga wata. "Wannan ƴar Caina ce, bara na saya. Dubi yadda ta koɗe. Araha gare ta, amma ba ta jimiri. Gaya musu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara cewa Inna tana son duka biyun, sai ƴar Cainan ta ɗaga hannu.

"Na ji ta ambaci Caina. Faɗa mini daidai yadda ta ce."

Na faɗa, kalma bayan kalma, ina kallon aikina yana fita ta taga.

Ta karɓi atamfar, ta murza ta tsakanin yatsu, ta daɗe. Sannan ta ce, "Gaskiyar Mama ce. Mai wannan ya yi rowar rini." Ta ce wannan sunan na rashin jimiri da aka san kayan Caina da shi ne take yaƙi da shi tun da mahaifinta ya kwanta ciwo ta karɓi masaƙar, kuma ƙyallen da aka yi wa dariya shi ne na farko da aka saƙa a hannunta. Ɗan Ingilan ya sunkuyar da kai, ya nemi afuwa da ɗan yaren Cainan da ya koya a ƙungiya. Ko me ya faɗa, bai faɗe shi daidai ba, don ita da ɗan ƙasarsu da ke cikinmu suka fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ta ciro ƙyallaye biyu. Ta miƙa wa Inna ɗaya da hannu biyu, ta jefa masa ɗaya a cinya. "Ku wanke su yadda kuka ga dama. Sannan mu yi magana."

Inna ta cika musu leda da kilishi, ta bi mu har bakin matakala tana faɗan ban sa rigar sanyi ba. A jirgin yamma ban zaunar da kowa kusa da kowa ba. Su da kansu suka haɗa kai a kan waya suna gardamar launuka, ni kuma barci ya sace ni tun kafin mu fita gari.

Na dawo ɗakina a Paris ban san matsayina ba, kuma har yau ba a sa hannu a kan komai ba. Shugabana ya tambaye ni ranar Litinin, na ce ana wanki. Ya dube ni kamar na zauce. Abin da na riƙe daga tafiyar nan shi ne, yini guda na yi ina tace maganar mutane don kada a ɓata, su kuma suna ta nisa da juna. Jumla ɗaya na fassara yadda take, kuma bayanta ne suka fara magana.