Lallen da Na Hana a Kwance

Ban iya karatun boko ba sai da na haifi uku na binne biyu. A ajin yaƙi da jahilci na koya, a wani zaure a Kusada, kowaccenmu da goyo a baya da alli a hannu. Daga Yashe nake takowa, ban taɓa fashi ba. Ranar da na fara karanta lambar da ke jikin buhun taki da kaina, sai da na tsayar da maigidana ya saurara. Na ga duk abin da aka rubuta gaskiya ne, tunda takarda ba ta da dangi ba ta da maƙiyi. Daga nan kaina ya fara girma, kuma ba zan ɓoye ba.

Shekarun nan ne damina ta yi ta yi mana gardama. Rediyo kullum sai ya ce ƙasa ta samu arzikin man fetur, mu kuwa rumbunmu ƙasa ta bayyana tun kafin bazara. Fulanin da muke sayen nono a wurinsu shanunsu sun yi ta faɗuwa.

A cikin wannan hali na yaye ɗiyata, ita ce ta ukun, ita kaɗai ta rage mini. Na kai ta wurin innata a Kaikai kamar yadda ake yi, don ta manta da nono. Inna ba ta da abin ba ta sai kunun gero tsarara, safe da yamma. Da na je ɗauko ta bayan wata guda da ɗoriya, sai na tarar kumatu sun yi luhu-luhu, ƙafafu sun cika, har munduwar hannunta ta matse. Na yi ta gode wa Inna. Gashinta dai ya yi ja ya yi laushi, ba ta wasa, sai wani kuka ƙasa-ƙasa kamar na mage. Na ce ƙuncin yaye ne, zai wuce.

Duk wata wasu ma'aikatan lafiya kan zo Kusada da mota, su rataya sikeli a reshen tsamiya su auna yara. Wata malama ce babbarsu, mai haƙuri, muryarta kullum a disashe. Ban da sikeli tana da wani ƙarfe kamar awartaki mai lambobi a jiki. Takan tsinko fatar bayan damtsen yaro ta kama da shi, wai kitsen da ke ƙarƙashin fata yake aunawa. Yaron da lambarsa ta faɗo ƙasan layi a kati, sai a ba uwarsa garin madara a riƙa bibiyarsa. Sauran mata ba su san me ke cikin katin ba, karɓa suke su soke a zani. Ni kuwa karantawa nake, da ƙarfi, don a ji.

Ranar awon ta faɗo ana gobe sunan ƙanwar maigidana. Da hantsi na kwaɓa lalle na ƙunsa wa yarinyar a ƙafa. Sai da na danne ta da cinya kafin ta tsaya. Na rufe da ganye, na naɗe da tsumma har idon sawu, na goya ta muka tafi.

Layi ya kai bakin hanya. Da aka zo kanmu aka rataya ta a sikeli, nauyi ya fi na wancan zuwan. Malamar ta kama bayan damtsenta da ƙarfen, ta duba, ta sake kamawa. Na leƙa na ga lambar tana saman layi. Amma sai malamar ta tsaya tana kallon gashin yarinyar.

Ta ce, "Baiwar Allah, kwance mata ƙafar nan in latsa."

Na ce, "Malama, lallen bai kama ba. Kin san wuyar da na sha kafin ta tsaya?"

"Ƙafa ɗaya kawai. Akwai abin da nake so in gani."

"Mi za ki gani wanda ƙarfenki bai gani ba? Ga sikeli ya faɗi, ga awartaki ya faɗi. Ni ma ina karantawa, ba irin waɗannan ba ce ni."

Wata daga baya ta ɗaga murya: "To 'yar boko, tunda kin fi likita sai ki ba mu wuri, namu ɗiyan ba su ƙoshi kamar taki ba!" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Bar ta, amarya ta kawo awo, ba ɗiya ba."

Malamar ta dubi layin matan, ta dubi rana. Ta rubuta lambobin ta miƙo mini katin, ta ce, "In kin kwance a gida, ki danna bayan ƙafar da babban yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, kada ki jira zuwanmu, ki kai ta Kankiya." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai yawan magana. Ban karɓi madara ba, tunda ba a ba mai saman layi. Na wuce ta gaban matan nan kaina a sama.

Lalle ya kama, ya yi ja har yana baƙi-baƙi. Ban danna komai ba.

Washegari a wurin suna ga wata tsohuwar Bafilatana, wadda ta shekara goma tana kawo mana nono, Goggo muke ce mata. Ta zo barka hannu wofi, ƙwaryarta ta daɗe a kife. Ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya tana yaba lallen. Sai na ga ta sa babban yatsa a bayan ƙafar ta danna, ta ɗaga. Wurin ya zauna kamar an danna tuwo.

Ta ce a hankali, "Ɗiyata, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Bana mun gan shi ga maruƙa. Wanda haɓarshi ta cika haka, ba ya ganin damina."

A gaban dangin miji ta faɗa, ranar suna, ta haɗa mini ɗiya da maraƙi. Na fizge yarinyar. Na zaro katin daga zani na kaɗa mata a fuska.

"Goggo, kin iya karanta wannan?"

"Ban iya ba."

"To likita ya auna kitsenta da ƙarfe, ya ce lafiya lau. Ki bar mana baki a kan ɗiya."

Ta ce, "Allah ya sa ni ce ban sani ba." Ta ɗauki mayafinta ta fita, ko tuwon suna ba ta ci ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na ga ramin nan da idona, kuma na tuna maganar malamar a take. Amma in na yarda, to Goggo ta yi gaskiya a gaban jama'a, ni mai karatu na yi kuskure. Sai na ce wa kaina in bari biki ya watse. Da biki ya watse na ce in ga kwana biyu. Kullum sai in buɗe katin in kalli lambar, in ji sanyi.

Mako uku aka yi haka. Fatar cinyoyinta ta fara saɓulewa kamar ƙuna, zawo ya kama ta, ta rufe baki ko kunun ba ta karɓa. Maigidana ya samo mana mota zuwa Kankiya. Ma'aikacin da ya karɓe mu bai ko kalli sikeli ba, ƙafar ya fara dannawa, a kan sauran lallen. Ya ce, "Tun yaushe take haka?" Na miƙa masa katin. Ya duba, ya mayar mini. Suka yi ta ɗura mata madara da cokali. A rana ta uku, wajen azahar, ta cika a cinyata. Da aka zo yi mata wanka, faratanta goma na ƙafa jajaye ne.

Bayan shekaru, da aka tara mu horon ungozoma, na tambayi mai koya mana. Ta ce ƙarfen nan kaurin fata kawai ya sani, ba ya raba kitse da ruwa, sikeli ma haka. Ta ce irin wannan ciwon ma yakan bar yaro da ɗan kitsensa, jini da tsoka yake cinyewa. Shi ya sa ake haɗawa da latsa ƙafa, da duba gashi, da tambayar uwa me yaro ke ci. Wato ƙarfen bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya faɗa. Sauran tambayar tana ƙarƙashin tsumman da na hana a kwance.

Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da Allah. Innata ta mutu tana ganin kununta ne ya jawo, ban taɓa samun ƙarfin gaya mata yadda aka yi ba. Na nemi Goggo, aka ce sun yi kudu da sauran shanunsu tun kafin a yi sadakar arba'in, ba su dawo ba. Ban sake haihuwa ba. Ban sake kwaɓa lalle ba, ko ga amarya.

Yanzu duk jaririn da aka miƙo mini, kafin in yi masa addu'a ƙafarsa nake dannawa, uwayen zamani suna harara ta. Katin yana nan a ƙasan akwatina, ya yi ja don tsufa. Nakan ɗauko shi in karanta, tunda na iya karatu. Lambar tana saman layi.