Keken da Ya Fi Ɗana Tsayi

Lokacin da wannan abu ya faru ni manomi ne mai hawasha ɗaya, wato gonar ban ruwa, a wani ƙauye kusa da Hajj Abdalla, mutum mai taurin kai, wanda ba ya son a gyara masa magana, balle a cikin gidansa. Na taso na tarar ana saya wa yaro komai da girma. Takalmi a cusa masa tsumma a gaba, jallabiya a ɗinka ta tana share ƙasa, a ce ai yaro kamar dawa yake, kafin ka waiga ya yi tsayi. Haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yana, ban taɓa tunanin akwai inda wannan dabara ba ta ci ba.

Babban ɗana, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, shi ke kai mini fatur, wato abincin safe, gona da hantsi, a ƙafa, ga nisa ga rana. Tausayinsa ya sa na ɗauke shi ranar kasuwa mu nemi keke na hannu. A rumfar wani mai gyara muka ga wani tsohon keken hawan dutse, irin na ƙasar waje, mai kaurin taya da giya, fentinsa ya koɗe amma ƙarfensa garau. Raina ya biya. Mai rumfar ya ce yaron ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa a gani. Ya tsaya yana murmushi, jallabiyarsa ta rufe har ƙasa, ashe a kan 'yan yatsu yake tsaye, ƙarfen tsakiya ya tokare shi, ni kuwa fuskarsa kawai nake kallo. Mutumin ya ce kamar ya yi masa yawa, akwai ƙarami a ciki. Na ce masa ba na shekara ɗaya nake saya ba, ya sauke sirdin kawai, yaro zai girma da shi.

Mai ɗakina ce ta fara lura. Ta ce mini yaron ba ya iya hawa sai ya taka turmi, kuma idan zai tsaya ba ya sa ƙafa a ƙasa, dirowa yake gefe kamar wanda jaki ya kayar. Ta ce sirdi na sauke, amma ƙarfen yana nan inda yake. Na yi mata dariya, na ce mata me mace ta sani game da ajala, wato keke, ai da faɗuwa ake koyon keke. Ta roƙe ni ko hanyar bakin tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, in hana shi bi. Na yi kunnen uwar shegu, don can ce hanya mafi kusa, kuma ni ba na son abincina ya huce.

Ranar da abin ya faru lokacin ban ruwa ne, tur'a ta cika maƙil. Ina cikin gyaɗa, hantsi ya wuce, yunwa na cina, yaro shiru. Da farko haushi nake ji, har na tanadi faɗan da zan yi masa. Da rana ta ƙara ɗagawa sai gabana ya fara faɗuwa, ina ɗaga kai ina duban hanya, ina koma wa aiki. Can na hango wata mata ta taho a guje, mayafinta a hannu, tana kiran sunana. Kafin ta iso na riga na yar da fartanya na nufe ta.

Abin da aka gaya mini shi ne, wani mai karo, wato amalanke, ya ɓullo da jakinsa a inda gaɓar ta yi ƙunci. Yaron ya ja birki ya tsaya, ya miƙa ƙafa bai samu ƙasa ba, keken ya karkata ta wajen ruwa, jallabiyarsa ta sarƙe a ƙarfen. Kansa ya bugu da simintin ƙofar ruwa kafin ya nutse. Mai karon ne ya faɗa ya ciro shi, Allah ya saka masa da alheri. A karon muka ɗauke shi zuwa asibitin gari, kansa a cinyata, jini na fita ta kunnensa, ina kiransa ba ya amsawa. Babu addu'ar da ban karanta ba a hanyar nan, wata ma ban san ina na tsaya ba. A bakin ɗakin likita uwarsa ta zauna a ƙasa, ta kawar da kai daga gare ni, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan la'asar ya buɗe ido. Da ya gane ni, abin da ya fara cewa shi ne in yafe masa, ya zubar mini da abinci. Sannan ya ce tun a kasuwa ya san ƙafarsa ba ta kai ba, amma ya ga yadda nake murna da keken, bai so ya ɓata mini rai. Na fita waje na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Ina rubuto wannan ne don iyaye irina. Riga ce ake girma da ita, keke kuwa sai wanda ya yi daidai da jikin yau. Idan za ku saya, ko tsoho ne ko sabo, ku sa yaro ya tattare rigarsa, ku ga tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, ku ga sarari tsakaninsa da ƙarfen tsakiya, kada ku dogara da sauke sirdi, kuma kada ku tambaye shi ko ya yi, don zai ce ya yi. Idan uwarsa ta yi magana ku saurara. Ɗana ya rayu, alhamdu lillahi, yanzu har ya fi ni tsayi. Amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba, kuma duk lokacin da zan yi masa magana sai na zagaya ta damansa.