Kitson Dawakin Goggo Dije

Duk wanda ya taɓa shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da Goggo Dije ya san jan matajin nan da take sokawa a ɗankwalinta. Kai a tsefe ne abin da ba ta iya gani ta yi shiru. Ko ba ta san ki ba, za ta kalli kanki ta ce, "Ke ba ki da dangi ne?" Ni 'yar ƙanenta ce, a hannunta na zauna tun zuwana unguwar Stains a ƙasar Turawa, kuma rabin rayuwata na yi shi ina ba mutane haƙuri a madadinta.

Da ciwon baya ya raba ta da shagon kitso, muka ce yanzu za mu huta. Ina! Wata Lahadi ta dawo daga kasuwar gwanjo ta Montreuil da leda cike da 'yan dawakan roba, irin na wasan yara na da, masu ruwan hoda da shuɗi, gashinsu duk ya cukuikuye.

"Goggo, na jikoki ne?"

"Waɗanne jikoki? Dubi kansu, Hadiza! An watsar da su cikin kwali kamar marasa galihu."

Ta wanke su da ruwan ɗumi, ta shafa musu mai, ta taje, ta yi musu kitso. Wanda gashinsa ya zube ta dasa masa mesh, gashin kanti, da allura. Wanda idonsa ya koɗe ta ja masa fenti kamar kwalli.

Ni kuwa hankalina ya tashi. Siffar abu mai rai, a jere bisa telebijin, a ɗakin da muke salla! Na buga wa Malam waya, ya ce kayan wasan yara babu laifi. Na sake bugawa na ce, to ai Goggo ba yarinya ba ce. Ya ce zai duba. Da na ƙara kira bai ɗauka ba.

"Uwar Fargaba," in ji Goggo, "kin kori Malam!"

Amma daga ranar, da lokacin salla ya yi, sai ta lulluɓe su da zane mai tsabta tana cewa, "Ku yi sutura, kar Hadiza ta suma."

Sai ga shekarar da aka bugo daga Damagaram cewa yayarta, Hajiya Mairo, tana kwance. Goggo na son zuwa, halin biye, wato tikitin jirgin sama, babu. A makon ne jikarta Nafisa ta ga wata 'yar goɗiya ruwan ƙwai a sabuwar leda, ta duba waya, ta ƙwala ihu.

"Mamie, touche pas! Kar ki taɓa ta!"

Ashe irinta ba su da yawa a duniya. Nafisa ta samo wata Madam a Lyon mai tara su, ta ce za ta saya da abin da zai kai Goggo gida ya dawo da ita. Sharaɗi ɗaya: a kawo ta yadda aka same ta, da dauɗarta da cukuikuyayyen gashinta.

Ni aka ba amanar. Na naɗe goɗiyar a ɗankwali, na sa a jaka, na rungume. A jirgin ƙasa zuwa Lyon ko ruwa na ƙi sha don kar in tashi. Goggo na gefena, ido a kan jaka, tana tsaki.

"Tana shan iska kuwa?"

"Goggo, roba ce!"

Sai mai duba biye ya iso. Ni da na ga mai inifom sai in rikice. Na lalube aljihu, babu. Na zazzage jakar gaba ɗaya bisa kujera, babu. Na bi shi har ƙarshen tarago ina rantsuwa, sai ga biye a cikin safata, inda na ɓoye shi don kar ya ɓata. Da na dawo, wayyo ni! Goɗiya na tsakanin gwiwoyin Goggo, an datse bakin gashi da almakashi, kitso ya kai rabi.

"Goggo! Kin kashe mu!"

"Riƙe min nan. Ba a kai 'ya gidan mutane da kai a tsefe."

Da muka isa, Madam ta sa farar safar hannu kafin ta kwance ɗankwalin. Tana ganin kitso ta dafe ƙirji. Ta yi ta bayani, ni ina fassara: masu tarawa suna son abu yadda ya fito daga masana'anta, gashin da aka datse ba ya tsirowa, darajarta ta tafi.

"Wato dauɗar ce mai tsada?" in ji Goggo. "Tambaye ta, ita in za ta biki haka take fita?" Sai ta ɗaga ido ta kalli kan Madam. "A'a, bari. Na ga amsa."

Wannan ban fassara ba.

A gidan wata 'yar'uwarmu a unguwar Minguettes na zauna ina kuka, Goggo ta ɗora goɗiya a tebur tana shan shayi. Labari ya zaga benen. Mata suka yi ta shigowa ganin dokin da aka yi wa shuku, suna dariya har da hawaye, kowace na jan 'yarta a hannu. Goggo ta sa matashi a bayanta ta zaro jan mataji, ta shiga yi wa yaran kitso ana biyanta. Ba mu bar Lyon ba sai da kuɗin biyen gida suka samu. Ta iske Hajiya Mairo da rai, kuma abin da ta fara yi mata, kun sani, kitso ne.

Ranar da Goggo ta rasu, ina cikin masu yi mata wanka. Jinya ta daɗe, kanta ya cukuikuye. Aka ce a raba gashin gida uku a kitse, yadda ake yi wa mace. Ina tsoron in yi ba daidai ba. Na zaro jan matajin na taje a hankali, na kitse, na warware, na sake. Mai wankan ta ce, "Hadiza, ya isa, ya yi kyau." Na ce ta ɗan ƙara min lokaci, ba a kai 'ya da kai a tsefe.

Allah, ga Goggo nan mun kawo, da kitsonta. Ka karɓe ta da rahama, Ka gyara mata abin da ya cukuikuye, yadda ta yi ta gyara na wasu. Amin.