Lorna Veldkamp da Kajin da Ta Fitar daga Keji

Tun Lorna Veldkamp tana 'yar budurwa nake kai abincin kaji gonarsu. Ni ne direban motar injin niƙa na garinmu, nan gabar Tabkin Michigan, kuma abokin babanta Gerrit. Shi ya sa har yau da furfura ta fito mata take ce mini Kawu Arlo.

Gerrit mai kiwon kaji ne irin na da. Dogayen ɗakuna biyu gare shi, keji bisa keji, kaza ta ci ta saka ƙwai, ƙwan ya gangaro. Ba ya karanta komai sai Littafi Mai Tsarki da farashin masara. Lorna kuwa abin da kowa ke gudu shi take saurara. Za ka tarar tana wanke ƙwai, rediyo na gefenta, ba kiɗa take ji ba, zaman majalisar jiha. Ƙaninta Merle yakan ce Yaya ce kaɗai a duniya da 'yan majalisa ba sa sa ta barci.

Shekarar da takin zamani ya yi tsada, ita ta fara shanya kashin kaji tana ɗurawa a buhu tana kai wa masu gonakin tuffa. A shagon kofi, inda manoma ke taruwa da safe, aka sa mata suna Sarauniyar Kashi. Kafin shekara ta zagayo duk masu dariyar suna shanya nasu.

Bayan rasuwar Gerrit, wata safiya ina sauke abinci ta zo ta tsaya kusa da motar.

“Kawu Arlo, ka ji dokar da suka sa wa hannu jiya?”

“Na ji. Wai a fitar da kaji daga keji. Saura su ce a saya musu kujeru.”

“Ka yi ta ba'arka. Sun ba da wa'adin wasu shekaru. Ranar da wa'adin ya cika, babu kantin da zai sayar da ƙwan keji a jihar nan. Kowa zai nemi ƙwan da babu shi. Manyan kamfanoni kajinsu sun yi yawa, ba za su iya juyawa da wuri ba. Ni ɗakuna biyu ne kawai.”

“Da me za ki gyara su?”

Ta dubi gabas, wajen gonar masarar babanta. Ban ƙara tambaya ba.

Ba ta son zuwa banki, don haka gonar ce za ta tafi, kuma rabinta na Merle ne. A gabana suka yi maganar, a ɗakin girki.

Merle ya ce, “Yaya, masarar nan ita muke ba kajin. Kin sayar da gonar, kin koma sayen kowace ƙwaya daga wajen Kawu.”

Ta ce, “Ƙwan zai biya masarar har ya yi saura.”

“In dokar ta zo.”

“An sa hannu, Merle. Me kuma ya rage?”

Ya sa nasa hannun a takardar sayar da gonar, don bai taɓa iya ce mata a'a ba. Amma bai jira ya gani ba. Ya koma birni ya kama aiki a masana'antar kujeru, ya daina zuwa cocinmu.

Ta cire kejin duka, ta kafa sanduna da akwatunan saka ƙwai, ta saki kajin a fili cikin ɗaki. Ba wanda ya gaya mata halin kaza in ta samu sarari. Suka riƙa tsige wa juna gashi. Suka riƙa zubar da ƙwai a ƙasa cikin kashi. Wata rana ƙarar jirgin feshi ta firgita su, suka turmushe juna a lungu guda, na ƙasa suka mutu. Ni na taya ta kwashe su a baro. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Gara na koya yanzu, su sai sun koya a guje.”

Kuma ta koya. Ta gane yadda ake rage haske kaji su natsu, ta gane inda suke son saka ƙwai. Sai dai kazar da ke yawo ta fi ta keji ci, wannan ni na fi kowa sani. Ƙurar ɗakin kuma ta sa mata tari wanda bai rabu da ita ba har yau.

Da wa'adin ya matso, manyan masu kaji suka fara zirga-zirga zuwa majalisa, suna cewa ba su shirya ba, talaka zai rasa ƙwai. Lorna ta sa rigarta ta coci ta je ita ma, ta tsaya gaban kwamiti ta ce ita ta shirya, wanda bai shirya ba shi ya so. Maganar ta fito a jarida. Maƙwabtanta masu keji suka ɗauka da su take. Ranar Lahadi aka yi cin abinci na coci, burodin zabibin da ta kawo ya koma gida ba wanda ya yanka.

Majalisa ta ɗage wa'adin da wasu shekaru.

Dillalin da ke kwasar ƙwanta, wanda ya yi mata alkawarin ƙarin farashi, ya ce, “Lorna, ƙwai dai ƙwai ne. Tunda doka ba ta tilasta wa kowa ba, kuɗin na keji zan biya.” Ta gwada kasuwar Asabar a birni, inda mata masu motoci masu tsada ke sayen kwali ɗaya suna yaba mata. Yabon ya yi yawa, kwalayen kaɗan ne. Na lura ta fara neman abincin kaji mai arha. Daga baya ta bar ɗaki ɗaya ba kaji. Ta sallami mata biyu da ke taya ta aiki, ta koma ita kaɗai, tana tsintar ƙwai a sunkuye har bayanta ya riƙe.

A lokacin ne Royce Tillotson ya fara zuwa. Shi ne manajan babban kamfanin ƙwai da ke kan hanyar tabki, mutum mai fara'a, ba ya zuwa hannu wofi, kullum da kofi biyu. Yana cikin waɗanda suka nemi ɗagewar, Lorna ta sani. Amma an daɗe ba wanda ya tambaye ta komai a kan kajinta. Ya yi ta tambaya, ita kuma ta yi ta zagayawa da shi tana nuna masa.

Na ce mata, “'Yata, wannan ba gaisuwa ke kawo shi ba.”

Ta ce, “Na sani, Kawu. Ko na ɓoye, abincin wata mai zuwa ba zai sayi kansa ba.”

Ta riƙe har saura ƙasa da shekara sabon wa'adin ya cika, sannan ta sayar masa. Ɗakunan, da kajin, da sunan gonar. Ta kira Merle ta ba shi rabonsa, wanda bai kai darajar gonar masarar ba. Ya karɓa ya ce, “Ba komai, Yaya.” Ta gaya mini ta gwammace ya zage ta.

Wannan karon majalisa ba ta ɗaga ba, don manyan sun gama gina nasu ɗakunan. Dokar ta fara aiki, ƙwai ya yi ƙaranci a kantuna, farashi ya tashi, daidai yadda ta faɗa mini a gindin mota. A shagon kofi wani ya ce, “Ashe 'yar Gerrit ta yi gaskiya.” Suka gyaɗa kai suka ci gaba da maganar ƙwallo. Ba wanda ya je ya gaya mata. A kantin gari kuwa kwalayen kamfanin Royce suka cika wuri, an rubuta Gonar Veldkamp, da zanen wata mata mai hula tana watsa wa kaji hatsi a ciyawa. Lorna ba ta taɓa sa irin hular ba.

Yanzu motar 'yan makaranta take tuƙawa. Bara ƙungiyar masu kaji ta gayyace ta walimar rana, wai za a karrama ta. Na ɗauka ba za ta je ba, sai ta ce in kai ta. Royce ne ya yi jawabi, ya kira ta mai hangen nesa wadda ta nuna wa kowa hanya. Aka miƙa mata allon katako mai zanen zakara, aka yi tafi. Ta ce, “Na gode,” ta dawo ta zauna ta cinye abincinta tas.

A hanyar gida muka zo wajen manyan turakun lantarki. Wasu mutane masu rigar ruwan ɗorawa suna awon fili a can. Ta ce in rage gudu.

“Ka gan su? An yi wa masu gina manyan gidajen na'urorin kwamfuta rangwamen haraji. Injinansu suna shan ruwa fiye da gari guda. Duk mai motar haƙa rijiya a nan zai ci abinci shekara goma.”

Na ce, “To ki yi mana.”

“Da me?”

“Ko ki gaya wa Merle.”

Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki. “Merle ya ji maganata sau ɗaya, ya ishe shi. Kai ma kada ka kai wa kowa. Su gani da idonsu.”

Na sauke ta a ƙofar ɗakin da take haya a bayan kantin magani. Sai da na isa gida na ga allon zakaran a ƙarƙashin kujera. Yana nan har yanzu, ba ta taɓa tambayata ba.