Babur ɗin Gwangwani da Fentin da Ya Ƙi Kamawa

Wata safiyar Asabar ce a ƙarshen kaka, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na durƙusa a gindin rumbunmu a Rurum Tsohon Gari, na ɗauko ɗan babur ɗin da na ƙera da gwangwanin madara, na sa farce na ɗan taɓa tankinsa. Shuɗin fentin da na shafa masa da yamma ya ɓare ya biyo farcena kamar ɓawon soyayyar gyaɗa, farin gwangwani ya bayyana yana ƙyalli. Na tashi na zagaya rumbun, na dawo na zauna, na sake tashi. Awakina suna ta kuka a turke suna jiran in kai su kiwo, ni kuwa ko jinsu ba na yi.

Don Yaya Habu na ƙera babur ɗin. Shi ne babban wanmu, ɗan acaɓa, mai wani shuɗin babur da yake jigilar mutane da buhuna tsakanin Rurum da Rano. Ni ne mai wanke masa shi a bakin rijiya, shi kuma ya ɗora ni a kan tanki mu zagaya unguwa. A kakar nan ya ce da zarar an gama shigar da dawa zai tafi kudu neman na kansa, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa. Sai na ƙudurta zan yi masa irin nasa sak, ɗan ƙarami wanda zai shiga aljihu. Na yanka gwangwani da tsohon almakashin Inna, na lanƙwasa waya ta zama kan babur, na yanko tayoyi daga tsinkakken silifa. Fentin ragowar wanda maƙwabcinmu ya shafa wa ƙofar shagonsa ne, burushina kuwa asuwaki ne da na tauna bakinsa.

Ba abin da ban gwada ba. Na gauraya fentin da ƙaro, ya yi gudaji. Na zuba masa kananzir, ya tsiyaye. Na kanga babur ɗin kusa da murhu don ya bushe da wuri, sai ya kumbura ya yi ƙuraje. Kullum aka ɗaure damin dawa aka kawo gida, sai in san tafiyar Yaya ta ƙara matsowa. A gona ina roron gyaɗa ina waiwayen hanyar gida. A aji ƙafata ba ta daina rawa a ƙarƙashin benci. Ko langa da gare-gare na daina, abokaina suka gaji da kirana.

Inna ce ta fara gano matsalar. Tana wanke-wanke ta ce in miƙo mata, ta shafa shi da yatsa, ta ce, "Maiƙo ne a jikinsa, ga santsi. Me fentin zai riƙe?" Ta sa toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya ta dirje shi kamar yadda take yi wa tukunya, sannan ta ce in goge shi da yashi har ƙyallin ya mutu. Da yake ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta ƙara da cewa, "Ka yi da kyau, kada yaron nan ya je garin mutane da abu yana ɓarewa." Daga nan na ruga Sabon Gari wurin Malam Idi mai walda. Ya tsiyaya mini wani jan fenti mai duhu a murfin kwalba, irin wanda ake fara shafa wa ƙofar ƙarfe kafin a yi mata kala. Ya ce, "Shafa shi siriri, ka ajiye a inuwa. Kada ka taɓa, na san halinka." Na ɗora shi a saman katanga inda hannuna ba ya kaiwa, amma sai da na yi ta jawo turmi ina hawa ina leƙawa.

Ban kai ga shafa shuɗin ba, aka aiko cewa babbar motar da za ta kwashi masu tafiya kudu da baburansu ta iso Rano, da hantsi za ta tashi. Na sauko da babur ɗin da jan fentinsa kawai, na tarar da Yaya yana ɗaure jaka, na miƙa masa ina hawaye, na ce ban gama ba. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya sa babban farcensa ya kankare tankin da ƙarfi. Ko gezau fentin bai yi ba. Ya ce, "Kai, wannan ya kama. Shuɗin sai na dawo mu shafa tare." Ya jefa shi a aljihun gaba, ya tayar da babur.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo baya, kafin Yaya ya dawo. Ya rame, babban babur ɗin ya salwanta a can, bai kuma taɓa gaya mana yadda aka yi ba. Amma da ya zazzage jakarsa a ɗakin Inna, sai ga na gwangwanin ya gangaro kan tabarma, taya ɗaya ta fita, jan nan kuwa yana nan. Ba mu shafa shuɗin ba, ya ce ya saba da shi a haka.

Yanzu a Rano nake zaune, Yaya kuma yana noma a ƙauyen Nariya. 'Ya'yana motocin roba ake saya musu da kalarsu a jiki, su fasa yau su manta gobe. Na taɓa tara musu gwangwanaye da waya, suka dube ni suka koma kan wayar salular mahaifiyarsu, na zauna ni kaɗai ina goge gwangwani da yashi har aka kira la'asar. Har yau ban iya jira ba, amma a tsakar gidan can na fara koyo.