Aron da muka yi wa firjin Hajiya

Ko zan manta komai na noman rani, ba zan manta ranar da injin ban-ruwanmu mai sola ya mutu a Rurum ba. Tattasai ya fara fure ke nan, rana kuwa kamar ta faɗo ƙasa. Kafin azahar ganye ya yi laushi. Wannan tattasan shi ne abincin gidanmu na shekara, ni kuwa hankalina ya gama tashi.

Na kwance akwatin injin na ɗaura a babur sai Rano, wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya shinshina, ya nuna min wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da ke liƙe da dalma a jikin allon ciki. "Wannan ne ya ƙone," ya ce. "Sai Kano, ko kuma a jikin sitabilaiza."

Kano kuma? Kafin a samo ai tattasai ya zama tarihi. Sitabilaiza ɗaya na sani, mai daidaita wutar firjin maƙwabciyarmu Hajiya, wadda da ƙanƙara da zoɓo take riƙe marayunta. Na koma na durƙusa mata. Ta ce, "Ɗan nan, aro na ba ka, ba kyauta ba. In ta lalace, ka kashe ni." Ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafata, muka ɗauki sitabilaizar muka koma Rano.

Mu dai abin da muka saba gani, a ɗana ƙarfe mai zafi, a sa filaya a fizge, ko a buga allon a benci dalmar ta zube. Na ce, "Malam, don Allah fizge mana, gona na ƙonewa!"

Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauko wani ɗan famfo mai kama da sirinji, ya danna shi. Ya ɗora bakin ƙarfe mai zafi a ƙafa ɗaya ta baƙin abin da ke allon sitabilaizar, dalma ta narke ta yi ƙyalli, ya kafa famfon, ƙas! Ya zuƙe ta tas, rami ya fito fes. Ya ɗaga hannu ya bar wurin ya huce, sannan ya koma ƙafa ta gaba. Wallahi kamar in yi ihu. Hajiya kuwa ta daina jan carbi, ta zuba masa ido. Da ya gama, bai ja komai ba. Juya allon kawai ya yi, abin ya faɗo tafin hannunsa da kansa.

"Kin gani, Hajiya?" ya ce. "Gurbinsa na nan yana jiransa."

Ya liƙa shi a allon injinmu, kafin la'asar ruwa na gudu a kwamin tattasai. Da aka samo sabo daga Kano, ya mayar mata da nata cikin ramukan nan, firji ya ci gaba da kuka kamar ba a taɓa shi ba. Da ya bi tawa ya fizga, da na ceci gonata na rushe sana'ar marayu.

Dattijon nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in zan taɓa abin wani, hannunsa nake tunawa. A wurinsa na koyi cewa komai gaggawarka, abin da ka cire daga jikin wani, ka cire shi yadda zai koma.